Farfaɗiya da Mazaunin Tunawa: Tarihin Brenda Milner da Majiyyatan Montiriyal

Tun zamanin da hukaman Yunan suka fara rubuta littattafan ɗibbu, akwai mas'aloli biyu da suka daɗe suna yawo a hannun malamai ba tare da an haɗa su a zaure guda ba: ta farko, mene ne asalin farfaɗiya, wadda Larabawa ke kira sar'u, ta biyu kuwa, a ina ne cikin jikin ɗan Adam ake taskace abin da ya gani ko ya ji, har ya iya komawa gare shi bayan shekaru. A kan ta farko, wani littafi da ake jinginawa ga Abuƙarat, ɗaya daga cikin hukaman nan, wanda aka rubuta wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya yanke cewa daga ƙwaƙwalwa cutar take tasowa, kuma Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, a kan wannan mazhaba ya tafi cikin littafinsa na Ƙanun. A kan ta biyu, shi Ibn Sina da waɗanda suka gabace shi sun kasa ƙwaƙwalwa ɗaki-ɗaki, suka ba ɗakin gaba surori da hayali, na tsakiya nazari, na wajen ƙeya kuma suka ce nan ne mazaunin hafiza, watau ƙarfin riƙe abu. Magana ce mai tsari, sai dai ba ta da hujja, domin ƙoƙon kan mai rai a rufe yake, matacce kuwa ba a tambayarsa abin da ya tuna.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa, har mas'alolin nan biyu suka sadu, shi ne wahalar masu farfaɗiya da ƙarancin maganinta. A Landan, wajen shekarun 1870, likita John Hughlings Jackson ya tsaya a kan cewa tashin cutar ba kome ba ne illa wata wuta da ke kamawa farat ɗaya a wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwa, sa'an nan ta yaɗu. A 1886 kuma Victor Horsley, likitan fiɗa, ya gaskata shi a aikace, ya buɗe kan wani saurayi ya cire tabon da ke tayar masa da cutar. A 1929 Hans Berger na Jamus ya bayyana na'urar da ke zana igiyar lantarkin ƙwaƙwalwa a kan takarda. Magunguna kuwa a wancan zamani ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: buromaid tun 1857, fenobabital a 1912, fenitoyin a 1938. Duk wanda waɗannan suka kasa, ba shi da sauran madogara sai wuƙar likita. Cikin wannan hali ne Wilder Penfield, haifaffen Amurka a 1891, ya kafa Cibiyar Nazarin Jijiyoyi ta Montiriyal a ƙasar Kanada, ƙarƙashin Jami'ar McGill, da tallafin Gidauniyar Rockefeller, aka buɗe ta a 1934 a gindin dutsen da birnin ya samo sunansa daga gare shi, bisa sharaɗin cewa asibiti da ɗakin bincike za su zauna a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi yadda fiɗar Penfield take, domin daga gare ta dukan labarin nan ya tsiro. Ba a sa majiyyaci barci. Ana kashe masa zafin fatar kai da allura, a yanke ƙashi a ɗaga kamar murfi, shi kuwa yana kwance a gefe ƙarƙashin mayafi, ido biyu, yana amsa tambaya, tun da yake ita ƙwaƙwalwa da kanta ba ta jin zafin yanka. Penfield sai ya ɗauki wani siririn tsinke mai ɗan lantarki ya riƙa taɓa fuskar ƙwaƙwalwar wuri-wuri. Ya taɓa nan, babban yatsa ya motsa. Ya taɓa can, maganar da mutum ke yi ta tsinke a tsakiyar kalma. Wani lokaci, idan ya taɓa sashen da ke daura da kunne, majiyyaci ya ce yana jin wata waƙa ko muryar wani da ya sani. Ko'ina aka sami amsa, sai a aza wata 'yar guntuwar takarda mai lamba a wurin, magatakarda na rubutawa, Herbert Jasper kuma na bayan gilashi yana karanta zanen igiyar lantarki. Da haka ake gane inda cutar ke kwance da inda ba a isa a taɓa ba. Amma akwai tambayar da tsinken nan ba ya amsawa, ita ce: bayan an cire tsokar an ɗinke kai, me mutumin ya rasa na hankalinsa?

Wadda ta zo ta mai da wannan tambaya sana'a ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa riƙe wuƙa ba. An haifi Brenda Langford a birnin Mancesta na Ingila ranar 15 ga Yuli, 1918, mahaifinta marubucin sharhin kiɗa ne a jaridar garin, ya rasu ya bar ta tana 'yar shekara 8. A 1936 ta shiga Jami'ar Kambirij da niyyar karatun lissafi, da ta ga ba za ta shahara a cikinsa ba ta koma ilimin halayyar ɗan Adam, ta gama a 1939, daidai da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Yaƙin ya kai ta aikin tantance matuƙan jiragen sama, sa'an nan aikin na'urar hango jirage, inda ta haɗu da wani injiniya, Peter Milner, suka yi aure a 1944 suka ƙetara zuwa Kanada. A can ta koyar da ilimin halayya cikin harshen Faransanci a Jami'ar Montiriyal, kāna ta nemi almajirci wurin Donald Hebb na McGill, wanda littafinsa na 1949 a kan yadda ƙwayoyin jijiya ke ƙulla zumunci da juna yake cikin tashe. A 1950, sa'ad da Penfield ya yarda a aiko masa da ɗalibi guda ya duba majiyyatansa, ita Hebb ya tura.

Kayan aikinta takarda ne da fensir da agogo, da hotuna da jerin kalmomi, da haƙurin zama. Takan jarraba mutum kafin fiɗa, ta sake jarraba shi bayanta, ta kwatanta abin da ya canza da girman abin da aka cire, wanda Penfield ke zanawa da hannunsa. A 1952 ta sami digirin digirgir a kan wannan aiki, kuma ko da yake Hebb ya gargaɗe ta cewa masanin halayya ba ya daɗewa a gidan likitocin fiɗa, ta zauna, ba ta kuwa sake tashi ba. Cikin shekarun da suka biyo ta tabbatar da wata ƙa'ida da har yau ake aiki da ita: wanda aka cire wa sashen kunne na hagu yakan raunana wajen riƙe labari da kalmomi, wanda aka cire wa na dama kuwa fuskokin mutane da zane-zane da hanyoyi ne ke kuɓuce masa. Rauni ne kaɗan a mafi yawan mutane, wanda ba ya hana su neman abinci, kuma suna ganin ya fi musu faɗuwa a wuta ko a titi.

Sai aka sami mutum biyu da suka saɓa wa ƙa'ida, waɗanda littattafai suka sani da haruffan P.B. da F.C., ɗaya injiniyan gine-gine, ɗaya mai yanka fatar safar hannu. Dukansu a hagu kaɗai aka yi musu aiki, amma suka farka ba sa iya riƙe sabon abu kome ƙanƙantarsa, alhali sana'arsu da hankalinsu na nan daram. Shi P.B. sau biyu aka yi masa fiɗa, kuma sai a ta biyu, wadda ta kai ga wata lanƙwasasshiyar tsoka da ke can ciki, mantuwar ta same shi. Sunan tsokar hipokamfas, saboda wani masanin Italiya na ƙarni na 16 ya ga ta yi kama da ɗan kifin teku mai kan doki. Guda biyu ce, ɗaya a kowane gefe. Penfield da Milner suka yi ƙiyasi cewa lalle ta gefen dama ta riga ta lalace tun da daɗewa ba a sani ba, don haka cire ta hagu ya bar mutanen ba ko ɗaya. Wannan magana ta ci karo da ra'ayin jamhurun masana na lokacin, domin Karl Lashley, bayan ya shafe kimanin shekara 30 yana yanka ƙwaƙwalwar ɓeraye, ya bayyana a 1950 cewa tunawa ba ta da mazauni ɗaya, a warwatse take. An gabatar da labarin mutanen biyu a taron likitocin jijiya a Shikago a 1955, kuma shekaru bayan haka, da P.B. ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka tarar da hipokamfas ɗin dama a ƙanƙance, kamar yadda aka yi ƙiyasi.

Wani likitan fiɗa na birnin Hartford a Amurka, William Scoville, da ya ji wannan rahoto sai ya buga wa Penfield waya ya ce shi ma yana da irin wannan majiyyaci. Saurayi ne haifaffen 1926, wanda ƙananan alamun farfaɗiya suka fara masa yana shekara 10, manyan kuma yana 16, har ta kai shi ga barin aikin naɗa wayar injuna da yake yi a masana'anta, magani kuma ya kasa duk da yawan abin da ake ɗura masa. A 1953, yana da shekara 27, Scoville ya huda ƙofofi biyu a goshinsa bisa idanu, ya ɗaga sashen goshi, ya zuƙe tsokar ciki ta sashen kunne, hagu da dama gaba ɗaya, aikin da shi kansa ya kira na gwaji. Farfaɗiyar ta yi sauƙi ƙwarai. Amma saurayin, wanda duniya ta sani da H.M. fiye da shekara 50, ya tashi ba ya gane hanyar bayan gida a asibitin, ba ya gane masu jinyar da ke shiga wurinsa kullum, kuma rabin sa'a bayan cin abinci ba ya sanin ya ci.

A 1955 Milner ta hau jirgin ƙasa na dare daga Montiriyal zuwa Hartford. Ta tarar da mutum mai ladabi da fara'a, mai son wasan cike gurbin kalmomi, wanda awon basirarsa ya tashi daga 104 kafin fiɗa zuwa 112 bayanta, watakila saboda cutar ta sassauta masa. Yana tuna ƙuruciyarsa da gidan iyayensa, yana hira daidai. Wata rana ta ba shi lamba 584 ta ce ya riƙe, ta bar shi shiru minti 15, da ta tambaye shi ya kawo ta daidai, ya kuma bayyana mata dabararsa: ya tara 5 da 8 da 4 suka ba shi 17, ya ware 8 saura 9, ya raba 9 ɗin gida biyu, 5 da 4, ya yi ta jujjuya wannan a zuciyarsa ba hutawa. Sai ta ɗauke hankalinsa da wata magana ta ɗan lokaci, ta koma ta tambaye shi lambar. Bai san lambar ba, bai san an ba shi wata lamba ba, kuma idan ta fita ɗakin ta dawo, sai ta sake gaya masa sunanta kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Maƙalar da ita da Scoville suka buga a 1957, a kan mutum 10 har da shi, tana cikin waɗanda aka fi ambato a tarihin ilimin ƙwaƙwalwa, kuma hukunci uku ne aka ciro daga cikinta. Na farko, tunawa aba ce mai zaman kanta, tana iya rushewa basira da harshe da gani su tsira. Na biyu, riƙon ɗan lokaci, irin na mai maimaita lamba a baki, dabam yake da ajiya mai ɗorewa. Na uku, tsokar nan ta ciki ita ce ƙofar da sabon abu ke bi kafin ya zauna, amma ba ita ce taskar tsofaffin abubuwa ba, tun da ƙuruciyar H.M. ba ta tafi da ita ba. Gwargwadon zurfin da wuƙa ta yi a gefen biyu, gwargwadon tsananin mantuwa. Scoville da kansa ya koma yana gargaɗin likitoci kada wani ya sake yin wannan aiki.

Da Milner ta tsaya nan, da ta riga ta cika alkawarin ilimi, amma ta ci gaba da neman abin da mutumin zai iya koya, ba abin da ya kasa kaɗai ba. Ta ajiye masa takarda mai zanen tauraro mai tsini biyar, layi biyu ne suka kewaye shi da ɗan siririn fili a tsakaninsu, ta ce ya bi filin da fensir ba tare da ya taɓa layi ba, aka kuma kare hannunsa yadda ba zai gan shi ba sai ta cikin madubi. Duk wanda ya gwada ya san yadda hannu ke gardama, a nufi dama ya tafi hagu. H.M. ya fara da kurakurai masu yawa kamar kowa, ya yi ta maimaitawa har kwana uku, kullum kurakuran na raguwa, kowace safiya kuma yana tashi daga kusa da inda ya tsaya jiya, alhali kowace safiya yana cewa bai taɓa ganin wannan tauraro ba. A rana ta uku ya zana shi sumul, ya dubi aikinsa da mamaki, ya ce ya zaci abin zai yi wuya. Ta buga wannan sakamako da Faransanci a 1962. Ma'anarsa ita ce tunawa ba iri ɗaya ba ce: akwai wadda mutum ke iya kawowa da baki, kamar mai tilawar abin da ya haddace ya kuma faɗi wurin wanda ya ɗauka, akwai kuma wadda ke zaune a gaɓoɓi, irin ta masaƙin da hannunsa ke jefa ƙoshiya yana hira, kuma kowace da hanyarta a ƙwaƙwalwa. A kan wannan rabo ne aka gina mafi yawan binciken tunawa na rabin ƙarnin da ya biyo.

Ribar wannan ilimi ga masu farfaɗiya ta fara komawa, kuma nan ne tasirin Milner ya fi kusa da rayuwar mutane. Wani likita ɗan Japan, Juhn Wada, ya riga ya gano tun ƙarshen shekarun 1940 cewa idan aka zuba maganin barci a jijiyar wuya ta gefe ɗaya, rabin ƙwaƙwalwa na wannan gefe zai yi barci na 'yan mintoci, ɗaya rabin na farke, da haka a san inda magana take. Milner, tare da Theodore Rasmussen, wanda ya shugabanci cibiyar bayan Penfield, da Charles Branch, suka ƙara wa gwajin awon tunawa a 1962: a kwantar da gefen da za a yanka, a nuna wa majiyyaci abubuwa, idan ya farfaɗo a tambaye shi, in ya kasa, alama ce ɗaya gefen ba zai iya ɗaukar nauyi shi kaɗai ba, sai a sake shawara. Daga ɗaruruwan irin wannan gwaji suka fitar a 1977 cewa kashi 96 cikin 100 na masu amfani da hannun dama maganarsu a hagu take, bahagwai kuwa kashi 70 a hagu, 15 a dama, 15 a gefen biyu. A 1963 kuma ta nuna, da gwajin kasa katuna, cewa wanda aka taɓa masa sashen goshi yakan nace wa tsohuwar ƙa'ida bayan an canza ta, ko da bakinsa na faɗin cewa ya san kuskure yake yi.

Malamanmu na dā sukan auna mutum da isnadinsa da waɗanda ya ba ijaza kafin su ƙirga littattafansa, kuma da wannan ma'auni ya fi dacewa a auna Milner. Almajirarta Doreen Kimura ta gano a 1961 cewa idan aka sa wa mutum kalmomi dabam-dabam a kunnuwa biyu lokaci guda, na kunnen dama ne suka fi shiga, shaida ta rinjayen gefen hagu a harshe. Wata almajirar, Suzanne Corkin, ta haɗu da H.M. a 1962, ta ci gaba da nazarinsa shekara 46. John O'Keefe, wanda ya yi karatu a McGill, ya bi sawun hipokamfas cikin ɓeraye har ya gano a 1971 ƙwayoyin da ke sanar da dabba inda take, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2014, shekarar da shi da Milner da Marcus Raichle suka raba kyautar Kavli. Kafin nan an shigar da ita Majalisar Masana ta Sarauta a Landan a 1979, ta karɓi kyautar Balzan a 2009, kuma sa'ad da ta cika shekara 100 a 2018 ba ta rabu da cibiyar da ta shiga a 1950 ba.

H.M. ya rasu ranar 2 ga Disamba, 2008, yana da shekara 82, a gidan kula da tsofaffi, sai a sa'an nan aka bayyana sunansa, Henry Molaison. Bayan shekara guda, a San Diyego ta Kalifoniya, aka daskarar da ƙwaƙwalwarsa aka fere ta falle 2,401 cikin sa'a 53. Abin da aka gani ya gyara wani ɓangare na tsohon bayani, domin ashe wani yanki babba na bayan hipokamfas ya tsira daga wuƙar Scoville, sai dai mashigar da ke kai masa saƙo ce aka share kusan duka. An kuma tayar da tambayar da ba ta da amsa mai daɗi, watau yaya mutumin da ba ya riƙe abin da aka gaya masa minti biyar da suka wuce zai ba da yardarsa a yi ta bincike a kansa shekara da shekaru. Jikan Scoville, Luke Dittrich, ya rubuta littafi a 2016 da ya taɓo wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma har kashi 70 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai, ba tare da fiɗa ba. A garuruwanmu har yanzu akan watse a bar mai farfaɗiya a ƙasa don tsoron yawunsa, alhali cutar ba ta yaɗuwa, akan kuma cire yaro daga makaranta bisa zaton hankalinsa ya taɓu. Tarihin Montiriyal shaida ne a kan wannan zato, domin mutanen da suka kwanta ido biyu suna gaya wa Penfield abin da suke ji, suka zauna sa'o'i gaban Milner suna bin tauraro a madubi, injiniyoyi ne da masu sana'a da ɗalibai, kuma da bayaninsu aka warware mas'alar da ta gagari Ibn Sina. A yau, a duk asibitin da ake fiɗar farfaɗiya bisa ƙa'ida, kafin likita ya wanke hannu sai wani ya zauna da majiyyaci da jerin kalmomi da zane da agogo, ya auna abin da kowane gefe ke riƙe da shi, domin kada a sake tashin wani kamar yadda Henry Molaison ya tashi a 1953.